Su Wane Ne 'Yan Ebanjelikal? Mudu Uku da Ake Auna Ikkilisiyoyi da Su



Tun ƙarshen watan Oktoba na 2025, lokacin da shugaban Amurka Donald Trump ya sake sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da gwamnatinsa ta ce ana tauye 'yancin addini a cikinsu, wata kalma take ta yawo a gidajen rediyo da shafukan Facebook, wato Ebanjelikal. Masu sharhi suna cewa Kiristoci 'yan Ebanjelikal na Amurka ne suka matsa lamba har aka kai ga haka, su ne ƙashin bayan Trump a zaɓe, su ne kuma masu goyon bayan Isra'ila. Wata Lahadi bayan an tashi sujada, wani matashi ya tare mu a bakin ƙofa. Ya ce abokin aikinsa Musulmi ya tambaye shi ko mutanen nan da ake faɗa a rediyo su ne masu majami'un unguwarsu, tun da kullum yana ganin kalmar a allunansu. Matashin ya rasa abin da zai ce masa.

Ba laifinsa ba ne. Harafin E da ke farkon sunan ECWA da na ERCC wannan kalmar ce, tana kuma cikin sunan EERN a Jamhuriyar Nijar. Akwai ɗariƙun da babu ita a sunansu amma suna ɗaukar kansu a cikin iyalin, akwai kuma waɗanda ke ɗauke da ita a allo alhali 'yan iyalin ba sa lissafa su. Amsar da muka ba wannan tambaya ita ce za ta nuna wanda za mu ba bagadinmu ya yi wa'azi, makarantar da za mu tura ɗalibanmu na tauhidi, da kuma abin da maƙwabtanmu za su ɗauke mu a kai. Saboda haka ya kamata mu zauna mu warware ta.

Inda kalmar ta fito

Tushenta kalmar Helenanci ce da ke cikin Sabon Alkawari, wadda Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fassara da bishara, wato labari mai daɗi. A 1 Korintiyawa 15:1-4 manzo Bulus ya taƙaita abin da bisharar ta ƙunsa: mutuwar Almasihu saboda zunubanmu, binne shi, da tashinsa a rana ta uku, duka bisa ga abin da Nassi ya riga ya faɗa. Ɗan Ebanjelikal, a ma'anar farko, mutumin wannan bishara ne. A kula, ba ɗaya ba ne da "mai bishara" da muka saba da shi a ikkilisiyoyinmu. Mai bishara ma'aikaci ne da aka aika ya buɗe sabon wuri ko ya riƙe ƙaramar majami'a. Ebanjelikal kuwa sunan iyali ne na masu bi.

A zamanin gyaran ikkilisiya da Martin Luther ya fara a Jamus a 1517, mabiyansa sun kira ikkilisiyoyinsu na Bishara don su bambanta da Roma. Shi ya sa har yau a Jamus kalmar tana nufin Furotesta kawai, ko mutum yana zuwa majami'a ko ba ya zuwa. A ƙasashen Kudancin Amurka ma, kusan duk wanda ya bar Katolika ya shiga wata ikkilisiyar Furotesta da wannan suna ake kiransa.

A ƙasashen masu Turancin Ingilishi ma'anar ta ƙuntata. A ƙarni na 18 an yi babbar farkawa a Ingila da Amurka ta bakin su John Wesley, George Whitefield da Jonathan Edwards. Saƙonsu shi ne, haihuwa a gidan Kirista da yin baftisma ba su isa ba, sai mutum ya tuba ya karɓi Almasihu da kansa. Waɗanda suka riƙe wannan saƙo, ko a wace ɗariƙa suke, su aka riƙa kira Ebanjelikal. Su ne suka kafa ƙungiyar mishan ta CMS a 1799, daga cikinsu William Wilberforce ya fito wanda ya yi faɗa da cinikin bayi, su ne kuma suka yi babban taron haɗin kai a Landan a 1846. Tun daga lokacin kalmar ba sunan ɗariƙa ɗaya ba ce. Ba ta da Fafaroma, ba ta da hedikwatar da za ta ce wane yana ciki, wane yana waje. Nan ne gardamar ta samo asali.

Duk wanda ya saba cin kasuwar hatsi ya san mudu ba ɗaya ba ne. Buhu guda zai ba ka lissafi dabam-dabam gwargwadon mudun da aka auna da shi. Haka wannan batu yake, akwai mudu uku.

Mudu na farko: ɗariƙar da mutum yake

Wannan shi ne mudun masu ƙidaya. Cibiyar bincike ta Pew a Amurka tana tambayar mutum ɗariƙarsa, sa'an nan ta sa ɗariƙar a ɗaya daga cikin rukuni uku na Furotesta. A bincikenta na 2023 zuwa 2024 ta sami kashi 23 cikin ɗari na manyan Amurkawa a rukunin Ebanjelikal, kashi 11 a rukunin tsoffin ɗariƙu masu sassaucin koyarwa, kashi 5 kuma a rukunin ikkilisiyoyin baƙaƙen fata na tarihi.

Da wannan mudu, gida ɗaya yakan rabu uku. Baptis na Kudancin Amurka, waɗanda mishan ɗinsu ya haifi ɗariƙar Baptis ta Nijeriya, suna rukunin Ebanjelikal. Wata babbar ɗariƙar Baptis ta ƙasar tana rukunin masu sassauci, Baptis na baƙaƙen fata kuma suna rukuni na uku. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne babbar ɗariƙar Lutaran ta Amurka, ELCA. Harafin farko na sunanta Ebanjelikal ne, amma ba a lissafa ta a cikinsu, domin ta gaji kalmar ne da ma'anarta ta Jamus, kuma a 2009 ta amince a naɗa limaman da ke zaman jinsi ɗaya. Kama da wane ba ta wane.

Raunin wannan mudu a fili yake. Yana auna allo, ba ya auna abin da ke fita daga bagadi. Kuma ware ikkilisiyoyin baƙaƙen fata da aka yi ya samo asali ne daga tarihin bauta da wariyar launin fata na ƙasar, domin da yawa daga cikinsu suna koyar da sabuwar haihuwa da ikon Nassi kamar kowa.

Mudu na biyu: abin da mutum ya kira kansa

Wannan shi ne mudun 'yan jarida da 'yan siyasa. A ranar zaɓe akan tambayi wanda ya fito daga rumfa ko yana ɗaukar kansa wanda aka sāke haifa ko ɗan Ebanjelikal. In ya ce i, shi ke nan, an lissafa shi. Daga nan ne alƙaluman da muke ji suke fitowa, cewa kusan takwas cikin goma na fararen fata 'yan Ebanjelikal sun zaɓi Trump a 2016, haka kuma a zaɓuɓɓukan 2020 da 2024. Mu lura da kalmar "fararen fata", gama sau da yawa takan faɗi a hanya kafin labarin ya iso mana. Baƙaƙen Amurkawa masu irin wannan bangaskiya yawancinsu ɗaya jam'iyyar suke zaɓa.

Haɗuwar sunan da jam'iyya ɗaya ba tsohon abu ba ne. Jimmy Carter, wanda ya ci zaɓe a 1976 yana faɗa a fili cewa an sāke haifarsa, ɗan jam'iyyar Dimokurat ne kuma malamin makarantar Lahadi a ikkilisiyar Baptis. Daga ƙarshen shekarun 1970 ne masu wa'azi irin su Jerry Falwell suka tattara masu bi a bayan jam'iyyar Rifablikan a kan batun zubar da ciki da tarbiyyar iyali. Yau abin ya kai ga wasu suna amsa sunan don ra'ayinsu na siyasa, ba don sun san hanyar majami'a ba. Wani bincike da cibiyar LifeWay ta fitar a 2017 ya nuna cewa a cikin Amurkawan da ke kiran kansu Ebanjelikal, waɗanda suka amince sosai da ainihin koyarwar ba su kai rabi ba.

Mudu na uku: abin da aka gaskata ake kuma yi

A 1989 wani masanin tarihi ɗan Birtaniya, David Bebbington, ya bi tarihin wannan iyali tun daga farkawar ƙarni na 18, ya fitar da alamu huɗu da ke tare da su a kowane zamani. Na ɗaya, Littafi Mai Tsarki shi ne hukunci na ƙarshe a kan bangaskiya da rayuwa. Na biyu, gicciye ne tsakiyar wa'azi, wato mutuwar Almasihu a madadin mai zunubi. Na uku, dole kowane mutum ya tuba ya sami sabuwar haihuwa. Na huɗu, wanda ya sami ceto ba ya naɗe hannu, yana kai bishara ga waɗansu yana kuma hidima ga mabukata. Ƙungiyar 'yan Ebanjelikal ta Amurka, wadda aka kafa a 1942, da irin wannan ma'auni take aiki. Ƙungiyarsu ta duniya kuma ta sa imani da Allah ɗaya cikin Uku, da allahntakar Yesu da tashinsa cikin jiki, a cikin shaidar bangaskiyarta.

Mu a ganinmu wannan ne mudun da ya dace da ikkilisiya. Mudu na farko yana da amfani ga mai ƙidaya, na biyu ga mai neman ƙuri'a. Na uku ne kaɗai za a iya ɗora shi a kan Nassi a gwada, kamar yadda mutanen Biriya suka riƙa bincika Littattafai kowace rana don su tabbatar da abin da Bulus ya koya musu, a Ayyukan Manzanni 17:11.

Waɗanda ke bakin iyaka

Da wannan mudu a hannu, bari mu duba ƙungiyoyin da aka fi tambayar mu a kansu.

'Yan Fentikos. Ɗariƙu irin su Assemblies of God suna riƙe da alamun nan huɗu, kuma tun shekarun 1940 suke cikin ƙungiyar 'yan Ebanjelikal ta Amurka. Muna iya saɓawa da su a kan magana da harsuna da yadda baye-bayen Ruhu suke aiki, amma wannan saɓani ne na cikin gida. Sai dai akwai wurare biyu da za a yi hattara. Akwai reshen da ya musanta Allah ɗaya cikin Uku, yana cewa Uba da Ɗa da Ruhu sunaye ne kawai na mutum ɗaya. Wannan ya fita daga bangaskiyar da ikkilisiya ta riƙe tun taron Nikiya na shekara ta 325. Akwai kuma wa'azin arziki, wanda ya mai da gicciye hanyar samun mota da biza, ya mai da baiko jarin da ake jiran riba. Babban taron Lausanne na uku, wanda aka yi a Kef Tawun a 2010, ya ƙi wannan koyarwa a fili. Kuma kada mu yi saurin nuna yatsa, domin ta riga ta shigo wasu bagadanmu ta ƙofar baya.

Angilika. A cikin ɗariƙar akwai masu karkata ga al'adun Katolika, akwai masu sassauci, akwai 'yan Ebanjelikal. John Stott, wanda ya jagoranci rubuta alkawarin Lausanne a 1974, limamin Angilika ne. Reshen da ya iso mu ta hannun CMS na Bishara ne. Daga cikinsa Bishop Samuel Ajayi Crowther ya fito, haka kuma Likita Walter Miller na Zariya, wanda ya yi babban aiki a fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932. Tun taron GAFCON na Urushalima a 2008, Angilikan Nijeriya suna sahun gaba na masu ja da 'yan'uwansu na Amurka da Ingila a kan ikon Nassi. Ɗariƙa ɗaya, amma mudu na farko zai sa reshen Amurka a rukunin masu sassauci.

Metodis. Wannan ya taɓa mu a jiki. A 2024 babban taron Haɗaɗɗiyar Ikkilisiyar Metodis, wanda aka yi a Amurka, ya cire dokokin da suka hana naɗa masu zaman jinsi ɗaya. A Nijeriya, musamman a jihar Taraba, ikkilisiyar ta tsage. Wasu sun koma sabuwar ɗariƙar Metodis ta Duniya da aka kafa a 2022, wasu sun zauna suna cewa dokar reshensu na nan gida ba ta canja ba. Rigima ta tashi a kan majami'u da kadarori, har aka yi asarar rayuka. Abin baƙin ciki shi ne, in ka zauna a sujadar kowane ɓangare a ƙauyukan Muri, bishara ɗaya za ka ji, waƙoƙi ɗaya za ka rera. Shawarar da aka yanke a ƙetaren teku ta sa 'yan uwa ɗaya uba ɗaya sun ɗaga wa juna hannu.

Masu kiyaye Asabar, wato Adbentis, cibiyar Pew tana lissafa su cikin 'yan Ebanjelikal, amma malaman tauhidi sun daɗe suna gardama a kansu saboda matsayin da suke ba rubuce-rubucen Ellen White da dokar Asabar. Shaidun Jehobah da Momon kuwa, ko masu ƙidaya ba sa sa su cikin Furotesta, mu ma ba za mu sa su ba, domin koyarwarsu a kan ko wane ne Yesu ta bambanta da ta manzanni. Yawan bin gida-gida da littattafai ba ya mai da mutum ɗan Bishara.

Mu fa a nan gida?

Ƙungiyar CAN, wadda aka kafa a 1976, tana da rukuni biyar: Katolika, Majalisar Kirista ta Nijeriya, 'yan Fentikos, ikkilisiyoyin da 'yan Afirka suka kafa, da kuma rukunin TEKAN da ECWA. Mutane da yawa suna ɗauka rukuni na ƙarshe ne kaɗai 'yan Ebanjelikal. Wannan rabo na shugabanci ne da zaman taro, ba hukuncin tauhidi ba. Akwai masu riƙe da alamun nan huɗu a cikin Baptis da Angilika da Fentikos, akwai kuma mai katin zama mamba a cikinmu wanda bai taɓa tuba ba.

Tarihinmu ma ya girmi siyasar da ake jingina mu da ita. A 1893 Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Ikko da nufin kai bishara ƙasar Sudan. Biyu daga cikinsu sun mutu cikin shekara guda, amma aikin SIM ya tsira, ya haifi ECWA a 1954. Karl Kumm da abokansa na SUM sun isa Wase a 1904, daga rassan aikinsu kuma yawancin ikkilisiyoyin TEKAN suka fito, wasu da tushen Lutaran, wasu da na Kalbin, wasu da na Metodis. Mishan ɗin da ya haifi EYN ya fara a Garkida a 1923. Sun bambanta a kan baftismar jarirai da tsarin mulkin ikkilisiya, amma sun haɗu a kan bishara, shi ya sa a shekarun 1960 suka iya yin aikin Sabon Rai Don Kowa tare. Asibitin Vom da na Galmi a Nijar shaida ne cewa alama ta huɗu ba a baki kawai ta tsaya ba.

Mun kuma ba wa duniya namu malamin. Byang Kato, ɗan Kwoi a kudancin Kaduna, ya riƙe babban sakataren ECWA, a 1973 kuma ya zama babban sakataren ƙungiyar 'yan Ebanjelikal ta Afirka da Madagaska. Ya yi magana a taron Lausanne na 1974. Kafin rasuwarsa a gaɓar tekun Kenya a watan Disamba na 1975, ya yi ta gargaɗi a kan gauraya bishara da bautar gargajiya, da kuma koyarwar da ke cewa kowa zai tsira ko da ba tare da Almasihu ba. Duk da haka ya nace cewa a faɗi bisharar da harshenmu, cikin al'adunmu. Kato bai jira wata jam'iyya a ƙetare ta ba shi wannan suna ba.

Abin da ya rage gare mu

Muna godiya ga duk wani mai bi, a ko'ina yake, da ya tuna da gwaurayenmu da marayunmu da ƙauyukanmu da aka ƙone, ya yi addu'a ko ya ɗaga murya dominmu. Amma godiya ba ta wajabta mana ɗaukar kayan siyasar wata ƙasa a kanmu ba. Su za su yi zaɓensu su wuce, mu ne za mu ci gaba da cin kasuwa ɗaya da shan rijiya ɗaya da maƙwabtanmu. In aka tambaye mu, mu amsa cikin tawali'u da ladabi kamar yadda 1 Bitrus 3:15 ta umarce mu, mu ce sunan nan yana nufin mu mutanen bisharar Yesu ne, ba reshen wata gwamnati ba.

Ga dattawa da fastoci, kafin a ba baƙo bagadi ko a karɓi gudummawar wata ƙungiya daga waje, kada a tsaya ga sunan da ke kan takardarsa. A tambaye shi me yake koyarwa a kan Nassi, a kan gicciye, a kan tuba, a kuma duba 'ya'yan da aikinsa ya haifa, gama Ubangiji ya koya mana a Matiyu 7:16-20 cewa da 'ya'yan itace ake gane shi. Ga iyaye, in yaro ya ce zai koma wata majami'a, kafin faɗa ya tashi a zauna a auna wurin da mudu na uku. Wani lokaci za a ga ɗan'uwa ne a wani ɗaki na gida ɗaya, wani lokaci kuma za a ga rami ne aka rufe da tabarma.

Mudun kuma ba don maƙwabci kaɗai aka yi shi ba. Mu fara auna kanmu. A wa'azin wata uku da suka wuce a majami'armu, sau nawa aka bayyana gicciye, sau nawa aka yi maganar tara kuɗin gini? Yaushe rabon da mu ga wani ya fito ya tuba? Nawa ke cikin kasafinmu don masu bishara da ke bakin daga, waɗanda wasunsu ke yin watanni ba albashi? Matasanmu sun san Littafin, ko sun san sunan ɗariƙa da na ƙabila ne kawai? Ikkilisiyar Sardisu tana da suna cewa tana da rai, amma Ubangiji ya same ta matacciya, kamar yadda Wahayin Yahaya 3:1 ta nuna. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Allah ya ba mu alherin riƙe bisharar da muka karɓa, ya warkar da ikkilisiyoyin da suka tsage, ya ba ƙasarmu salama. Amin.